Matar da Ta Karɓo Mini Ɗana

Jiya muka binne Talatu, yau kuma ƙafafuna sun ƙi kai ni ko bakin rijiya. Tun da hantsi nake zaune a kan tabarma, ruwan zafin da aka dafa mini don gashin gwiwa har ya huce ban taɓa shi ba. Tsayuwar maƙabarta ba ta gajiyar da ni kamar yadda surutu ya yi ba. An kafa kanofi har kan titi, an jera kujerun roba, janareto na ruri, manyan mutane suna karɓar lasifika ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce uwa ce ga marasa uwa, wancan ya ce fitila ce ta mutu. Wani mai ƙaton ciki da na sani tun yana yawo ba wando, wanda ya taɓa sa a kore ta daga ƙofar ofishinsa ranar da ta je roƙon a riƙa kawo maganin masu taɓin hankali kusa da mu, shi ya fi kowa share ido da hankici. Kai, duniya! Da ranta Uwar Mahaukata ake kiran ta, kuma ba don yabo ba. Matan zumunta na majami'armu sun matsa mini in tashi in ce wani abu, tunda na fi kowa daɗewa da ita. Na ce muryata ta dishe. Ƙarya na yi. Ɗana na fari yana zaune a layin gaba da furfura a kansa, bai kuwa san cewa ba don matar da ke cikin akwatin nan ba, da ba a hannuna ya girma ba.

Garin da aka kawo ni aure ba shi ne wannan Kafanchan ɗin da kuke gani ba. A lokacin jirgin ƙasa ne agogonmu. In ya yi kukan safe ba ki hura wuta ba, kin makara. In na rana ya shigo tasha, masu rake da dafaffen ƙwai da gyaɗa su ruga suna miƙa faranti ta taga, ka ji harsuna iri-iri sun cakuɗe da hucin tururi. Maigidana lebura ne a reluwe, cikin masu bin layi da diga da guduma suna gyaran ƙarfe, wani lokaci ya yi sati biyu a daji ba mu gan shi ba. Mu mata kuwa citta ce rayuwarmu. Da kaka a yi gayya, yau gonar wannan, gobe ta wancan. Maza su tono, mu wanke, mu zauna da wuƙaƙe muna tsaga ta biyu muna bazawa a kan falalen dutse ta bushe. Hannu na raɗaɗi, ido na ruwa, amma waƙa ba ta yankewa, wata ta ɗauko sauran su amsa. Da yamma a sauke gwaten acca da yakuwa, kowa ya sa hannu a ƙwarya ɗaya. Yanzu ciyawa ta rufe layin dogo, awaki ke kiwo a kai. Kukan mashin ne ke tashe mu, citta kan ruɓe tun tana ƙasa, in ka kira gayya kuma kowa yana da uzuri. Ina kewar wancan zamani, Allah ya sani. Sai dai masu cewa komai na da zuma ne, su ba a taɓa ɗaure su ba.

Ni an ɗaure ni. Bayan na haifi ɗan fari, kwana goma na yi lafiya lau, ana ta shigowa barka. Daga nan barci ya ƙaurace mini. In kwanta, idona biyu. In tashi, zuciyata na gudu. Na fara jin tsoron yaron, ina tsoron in na ɗauke shi zan yar, in na ajiye shi wani zai sace. Sai kuma na fara jin jirgi yana kiran sunana in ya yi kuka, sarai, yadda nake jin muryar mai yi mini magana. Wata safiya na goya jaririn na fita ba takalmi, na je na zauna a kan ƙarfen layin dogo ina jira in ji abin da zai ce mini. Wata Bafulatana mai tallar nono da ke shigowa unguwarmu ita ta gan ni. Ta sauke ƙwaryarta, ta kama hannuna ta janye ni gefe, ta rako ni har gida.

Uwar mijina ce mai gida a gidanmu, ko da mijinta na da rai. Mama muke ce mata. Mace ce mai aiki kamar ba ta san gajiya ba, Hausarta kuwa irin ta tsofaffinmu ce, mace da namiji duk ɗaya. Ta dube ni sama da ƙasa, ta kwance yaron daga bayana, ta ce, "Wannan yarinya kansa ya juya. Ku kawo ludayi." Al'ada ce da kowa ya sani a lokacin. In ana shakkar ruwan nonon mace, sai a tatsa a ludayi a jefa tururuwa a ciki. In ta fito da rai, nono na da kyau. In ta mutu, akwai dafi, kuma duk abin da ke jikin uwa zai bi nono ya shiga ɗa. Tsofaffi uku suka riƙe ni aka tatsa. Na ga tururuwar tana ta wutsil-wutsil, ta kai bakin ludayin ta zame, ta sake kaiwa ta zame, can ta daina motsi. Wata ta ce wayyo, wata ta tofa yawu gefe. Mama ta rungume jaririn ta shige ɗakinta da shi.

Washegari aka kira maƙeri ya sa mini mari a ƙafar hagu, aka haɗa da sarƙa a jikin ginshiƙin ɗakin ajiyar citta da ke bayan gida. Aka ware mini kwanona da moɗata, ba mai taɓa su sai da tsinke. Abinci daga bakin ƙofa ake turowa. Dattawan ikkilisiya sun zo sun yi addu'a, su ma daga bakin ƙofa. Wani mai magani ya zo a ɓoye ya turara mini hayaƙi har na suma. Duk wannan da sauƙi. Bango ɗaya ne tsakanina da ɗakin Mama, kuma ina jin kukan ɗana. In ya yi kuka sai nonona ya kawo, ya jiƙa zane, ya bushe, ya sake jiƙawa. In ja sarƙa, in yi ihu a ba ni ɗana, ihun kuma ya zama shaidar cewa haukan ya ƙaru. Madarar shanu suke ba shi da cokali, wadda Bafulatanar nan ke kawowa kowace safiya. Maigidana in ya dawo daga daji ya tsuguna a ƙofa yana kuka, amma bai iya ɗaga ido gaban uwarsa ba. Na daɗe ina jin haushinsu. Yanzu da na tsufa na san ba mugunta ba ce, a ganinsu ran yaron suke ceto. Sanin haka bai rage mini ko kwana ɗaya daga cikin watannin nan ba.

Talatu 'yar ƙauyensu maigidana ce, ta girme ni da kaɗan. Ta yi shekaru tana shara da wanke-wanke a wani asibitin masu taɓin hankali a babban birni, da mijinta ya rasu ta dawo gida. Gajeriya ce, ga wushirya, ga murya da ake ji daga ƙarshen layi. A taron zumuntar mata ta tambayi ina matar lebura mai jego da ba a ƙara gani ba, kowa ya sunkuyar da kai. Da aka tashi ta zo gidanmu da anko ɗinta a jiki. Ina jin Mama tana ce mata, "Kada ka shiga, zai cije ka." Talatu ta ce, "Mama, in ta cije ni ai naman jikina ne." Ta turo ƙofa ta shigo, ta zauna a ƙasa dab da ni, cikin warin da ni kaina na daina ji. Kwanon tuwona na gefe ban taɓa ba. Ta jawo shi, ta gutsura, ta sa a baki, ta ce miyar ba gishiri. Sannan ta dube ni ta ce, "Sannu, 'yar'uwa. Yaya sunan yaron?" Wata huɗu ba wanda ya yi mini tambayar da yake jiran amsarta. Na faɗa mata sunan, na yi kuka har na gaji, tana riƙe da ƙafata mai marin.

Sati biyu ta yi tana zarya. Ta ce wa Mama wannan ciwo ne da kan kama wasu mata bayan haihuwa, ta ga irinsa da idonta, ta kuma ga sun warke sun koma gidajensu. Mama ta ce iska ce. Da Talatu ta ga nan ba hanya sai ta tare maigidana a hanyar tasha. Shi ya ba ni labari daga baya. Ta ce masa, "Kai da ƙarfe in ya karkace kake kwana a daji sai ka miƙar da shi, matarka ce za ka bari ta ruɓe cikin citta? Haba, ɗan'uwa, ka ji kunya mana." Ranar da aka cire marin ban iya tsayuwa ba. Ita da shi suka tallafe ni zuwa tasha, mutane na leƙe ta kan katanga. Na roƙa a nuna mini yaron ko daga nesa, Mama ta ƙi.

Na daɗe a asibiti. Aka ba ni magani, barci ya dawo, jirgi ya koma jirgi. Talatu kan zo duk bayan 'yan makonni, kuma ba ta zuwa hannu wofi, labarin ɗana take kawo mini. Ya fara zama. Ya yi haƙori biyu. Ya kama kunnen akuya ya ja. Yana dafa bango. In sa ta maimaita, ta maimaita ba ta ƙosa ba. Da likita ya sallame ni, a hanya ina ta shirya yadda zan goya shi. Muka iso, na durƙusa na gaida Mama, ta amsa da kyau, ta sa aka ba ni ruwa, a tsohuwar moɗata. Ga yaro yana tafiya dagwai-dagwai a tsakar gida. Na miƙa hannu, ta janye shi bayanta. Ta ce, "Jikin da ya kashe tururuwa ba zai goya jikana ba. Ka zauna a gidan, ba wanda ya kore ka. Amma yaro nawa ne."

Talatu ta kai maganar gaban dattawan ikkilisiya. Ranar Lahadi bayan sujada aka zauna ƙarƙashin mangwaron majami'a, maza a benci, mata a tabarma, ni a gefe ni kaɗai. Mama ta faɗi nata, tsofaffin da suka ga mutuwar tururuwa suka ba da shaida, dattawa na gyaɗa kai. Na riga na sallama. Sai ga Bafulatanar nan ta ɓullo da ƙwarya a ka, ashe Talatu ce ta kira ta. Talatu ta ciro ludayi daga jakarta ta ce, "Mama, wace madara ce ta raya jikanki?" Mama ta ce wannan. "Tana da kyau?" Mama ta ce ai ga yaro nan ɓul-ɓul, kowa na gani. Talatu ta ɗebo madarar, ta tsuguna a gindin mangwaro ta kamo tururuwa uku, ta zuba su ciki, ta ajiye ludayin a tsakiyar fili. Har mai bishara sai da ya taso ya leƙa. Ɗaya ta lallaɓa ta haye bakin ludayi ta tsira. Biyu suka yi ta wutsil-wutsil har suka mutu. Talatu ta miƙe ta karkaɗe zane ta ce, "To, iyayena, ku ne manya. Ta ɗaya za mu ji ko ta biyun? Ko saniyar ma a sa mata mari?"

Wani dattijo ya fashe da dariya, ya kama bakinsa. Bafulatanar, wadda ba ta san ma me ake ƙullawa ba sai a lokacin, ta ce a hankali, "Mu dai a wurinmu, nagge in an raba ta da ɗanta kwana take kuka. Ba mu cewa ta haukace." Dattawa suka juya suna duban Mama. Mama ba ta yi gardama ba. Ta zauna daɓas ta fara kuka, tana cewa ita ta yi rainon shi, ita ta hana idonta barci yana zazzaɓi, yanzu za a ƙwace mata. Ranar na gane ashe ita ma ɗa za a raba ta da shi. Dattawa suka yanke a ba ni yarona, amma da sharaɗi: maganar nan ta mutu a gindin mangwaron, kada a taɓa gaya masa, don in ta fita ba mai ba shi mata in ya girma. Na yarda da sauri. Da cewa suka yi in ba da hannuna ɗaya ma, da na bayar.

Aka miƙo mini shi, ya ƙwala ihu kamar an miƙa shi ga kura. Bai san ni ba. Mama yake kira Mama, ni kuwa mutanen gida sun riga sun koya masa Anti. Talatu ta riƙa zuwa kowace safiya ta zauna tsakaninmu da kofin kunu, ta ba shi cokali ɗaya da hannunta, na biyu ta ɗora hannuna a kan nata, har ranar da ta zare nata bai lura ba. Sai da aka sake tonon citta kafin ya yarda ya yi barci a bayana. Sunan dai bai sake ba. Ƙannensa da na haifa daga baya duk Mama suke ce mini, shi kaɗai Anti, har mutane na tsammanin wasa ne tsakaninmu.

Ni ce ta farko da Talatu ta kwance, amma ban san iyakar waɗanda suka biyo baya ba. Ta bi ƙauyukan Kagoma a ƙafa, daga baya a bayan mashin, da ƙaramin zarto a jaka, tana shiga gidajen addu'a da ɗakunan masu magani inda aka ɗaure mutane. An zage ta, an watsa mata ruwa, an ce ita ma da motsi a kanta. Da rigingimu suka zo suka bar mana matan da ke zabura in murfin tukunya ya faɗi, ta riƙa tara su kowace Alhamis a tsakar gidanta, su zauna su yi magana, mai kuka ta yi. Ta je rugage ma, don can ma an yi rashi, wasu namu suka daina gaishe ta saboda haka. Da samari suka fara lalacewa da shaye-shaye, su ma ta buɗe musu ƙofa. Ni nake dafa musu kunu ranar Alhamis, in raba in koma kicin, ban taɓa zama cikinsu na ce ni ma ba. Mama ta rasu, maigidana ya rasu, dattawan duk sun tafi, ɗana ya yi aure har ya aurar. Talatu kan ce, "Yaushe za ki gaya masa?" In ce da sauran lokaci. Ta ce, "Labarinki ne, ba zan faɗa ba. Amma kin san matan nan da za su ji daga bakinki, da sun fi yarda da ke fiye da ni." Zuwana na ƙarshe tana kwance, ta rame har wushiryarta ta yi mata yawa, ta ce, "Ƙawata, na riƙe miki kayanki na gaji. Zan sauke fa." Na ce ta daina irin wannan magana. Na ji kunya, har yanzu ina ji.

Jiya a wurin jana'iza akwai wasu mutane da suka tsaya can baya a rana, ba a ba su kujera ba. Na san su ɗaya bayan ɗaya, 'yan Alhamis ne. Da aka watse ɗana ya ɗauko ni a motarsa. Muna tafe ya ce, "Anti, kin yi kuka da yawa, ki tuna da hawan jininki." Can ya yi 'yar dariya ya ce, "Kin ga har mahaukatanta sun zo? Ni na ce wa yara kada su bar su shiga kanofi, kar su ba mu kunya gaban baƙi." Na ce ya tsaya. Ya ce mun kusa gida. Na ce ya tsaya, ko in buɗe ƙofa yana tafiya. Ya gangara gefen titi kusa da masu sayar da doya.

Na gaya masa duka, tun daga layin dogo har gindin mangwaro. Ban yi kuka ba, hawayen sun ƙare a maƙabarta. Ya riƙe sitiyari yana kallon gaba, masu doya na ƙwanƙwasa gilashi bai ji su ba. Da na gama ya ce, "Me ya sa ba wanda ya gaya mini?" Na ce, "Ni ce zan gaya maka, na kasa." Ya fita, ya zagayo ta gefena ya buɗe ƙofa, ya tsuguna a ƙasa da farar rigarsa, ya ce in nuna masa. Na janye zane. Ya kama ƙafar da hannu biyu yana kallon tabon, babban mutum mai jikoki, a bakin titi, mutane na wucewa suna kallo. Ya ɗago ya ce, "Sannu." Ya buɗe baki zai kira ni, sunan da ya saba ya ƙi fita, ɗayan kuma bai taɓa koya ba. Na dafa kansa na ce ya tashi ya kai ni gida, na gaji.